Yadda Muka Tashi Daga Kaduna Muka Je Ganin Yashin Yusufari

Shekara 14 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, nan Kaduna. Duk shekara sai na zana wa yara tudun yashi a allo, in yi musu bayanin kwararowar hamada, su kwafa, su zuba mini a jarrabawa. Wata rana wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganin hamadar da idonka?" Na ce mata ban taɓa ba. Har na koma gida maganar nan tana yi mini yawo a rai. A satin ne kuma wani abokin aikinmu ya dawo daga Dubai yana nuna mana hotunansa a kan yashi, ya naɗa rawani, ga raƙumi a bayansa, yana cewa bai yi asarar kuɗinsa ba. Ni kuwa na san a taswirar da nake ratayewa a aji akwai irin wannan yashin a arewacin jihar Yobe, cikin gandun da gwamnatin tarayya ta keɓe. Ƙofar shiga ce ta ɓace mini. Kusan wata biyu na yi ina lalube, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, don mai niyyar zuwa kada ya sha wahalar da na sha.

Inda na fara dosa shi ne wani ofishin masu shirya tafiye-tafiye a cikin gari, irin masu yanka wa mutane tikitin Umara. Yaron da na tarar a kan tebur yana jin na ambaci hamada sai ya jawo wata takarda mai hotuna, ya shiga lissafo mini kwana huɗu a Dubai, da otal da hawan raƙumi da cin abincin dare a kan yashi. Na ce masa ni ta Yobe nake nufi. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce in ajiye naira 5,000 ta bincike, zai kira ni. Na ajiye. Sati biyu ina zarya, yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce wanda ya san wajen bai ɗaga waya ba, har na gaji na haƙura da kuɗin. Daga nan wani ya tura ni wani ofishi da ke da alaƙa da yawon buɗe ido. Ranar farko na zauna a benci tun ƙarfe goma har aka kira azahar, ban ga wanda aka ce in gani ba. Rana ta biyu wani dattijon ma'aikaci, Allah ya saka masa da alheri, ya ja mini kujera ya ce, "Malam, ɓatan kai ka yi. Gandun daji na ƙasa ba a hannun jiha yake ba, balle wanda ke wata jihar daban. Hukumarsa daban take, hedikwatarta tana Abuja." Da na ji wannan maganar tun farko, da sati uku bai tafi a banza ba.

Bari in tsaya a nan in warware yadda wurin yake, don nan ne aka fi rikicewa. Sunansa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, an kafa shi a 1991, yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, wadda ita ce dai ke riƙe da gandun Kamuku namu na Birnin Gwari. Babban ofishinsa yana Maiduguri, amma shi gandun ba a dunƙule yake wuri guda ba. Kashi uku ne a warwatse, faɗinsu gaba ɗaya murabba'in kilomita 2,258. Akwai Chingurmi-Duguma a jihar Borno, can wajen Bama, wanda ya yi iyaka da gandun Waza na Kamaru. Akwai fadamun Bade da Nguru a Yobe, matattarar tsuntsaye. Sai na ukun, ƙaraminsu, mai murabba'in kilomita 92, wato Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari, kuma shi ne mai tuddan yashi da kwarurruka masu ruwa. Ni da na ji an ce Tafkin Chadi, an ce Maiduguri, sai na ɗauka dole sai na dangana da Borno, har na fara lissafin kuɗin mota ta Potiskum da Damaturu. Ashe daga Kaduna sassan Yoben nan biyu ta Kano da Haɗejiya ake zuwar musu, babu ruwan mutum da hanyar Maiduguri.

Wanda ya ganar da ni haka wani tsohon ɗalibina ne da ya yi bautar ƙasa a Gashuwa. Shi ya haɗa ni da wani malamin daji da ke aiki a ɓangaren Yobe. Na kira shi da dare, muka gaisa, na zayyana masa buƙatata. Ya ce abu ne mai yiwuwa, amma kada in kuskura in taso ban rubuto takarda ba. Ya faɗa mini abin da zan sa a ciki: sunayen masu zuwa da aikin kowa, dalilin ziyara, ranar zuwa da ta komawa, lambar mota, da ko za mu ɗauki hoto ko bidiyo. Na rubuta, shugaban makarantarmu ya ba ni takarda mai tambarin makaranta ya buga mini hatimi, na haɗa da fotokwafin katin ɗan ƙasa na kowannenmu. A wani shagon kwamfuta a Kasuwar Barci aka ɗauki hoton takardun aka tura, ni kuma na riƙe na ainihi da kwafi biyar a jaka. Kwafin nan biyar kuwa babu wanda ya dawo gida, duk sai da aka karɓe su a hanya. Jiran amsa ne ya fi ci mini rai. Kwana 18 cur. Sau uku ina kira, kowane karo malamin dajin ya ce, "Ka ƙara haƙuri, Malam, takardarka tana tafiya." Ranar ta goma sha takwas ina cikin aji waya ta yi ƙara, da na fito na kira ya ce an amince, mu sa rana a cikin Janairu, amma lallai in sake kiransa ana gobe za mu taso, don ya ji yadda hanya take a lokacin.

Sai kuma ofishin da ya fi kowanne wuyar sha'ani, wato ɗakin Hajiya. Tana jin an ce Yobe ta ajiye carbinta ta ce, "Yashi ne za ka kai ranka dominsa? Ba ka jin abin da rediyo ke faɗa?" Ban ga laifinta ba, kowa ya san abin da yankin arewa maso gabas ya gani tun 2009. Na yi mata bayanin cewa da sanin hukuma za mu je, da ɗan rakiya, kuma in aka ce hanya ba kyau, fasawa za mu yi. Ba ta sakko ba sai da Yaya ya ce shi ma zai je, kuma da motarsa. Muka zama mu huɗu: ni da Yaya da babban ɗansa da ke karatu a jami'a a Zariya, da wani abokina mai ɗaukar hoto. Kowa ya ajiye naira 150,000 a hannun Yaya. Muka kai motar gareji aka canja mata bakin mai, aka duba birki da taya. A Kasuwar Gumi muka sayi bargo biyu da tocila da man shafawa da rawunna, don an gargaɗe mu cewa hunturun can ba irin namu ba ne.

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya. Muka wuce Kawo gari bai gama wayewa ba, muka bi ta Jaji da Zariya, muka karya a Kwanar Ɗangora. Cikin Kano ne ya cinye mana fiye da awa guda saboda cunkoso. Daga Gujungu zuwa Haɗejiya ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suna raguwa, ƙasar tana yin fari, goruba tana yawaita. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa daga nan zuwa gaba, kuma tambayarsu kusan iri ɗaya ce: daga ina, zuwa ina, me za a je yi. A wani shingen jami'in ya ga jakar kyamara ya ce a buɗe. Na miƙa masa takardar nan mai hatimi na ce, "Yallaɓai, malamin makaranta ne, ga takardarmu." Ya karanta a tsanake, ya riƙe kwafi ɗaya, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mun shiga Nguru bayan la'asar, muka kama ɗaki biyu a wani masauki, naira 15,000 kowanne. Kafin magariba na ja Yaya muka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano ya iso garin nan a 1930, nan ne ƙarshensa, kuma marigayi mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne, ya sha biyo wannan layin a ƙuruciyarsa yana dawo mana da busasshen kifi da kanwa. Mun jima a tsaye a bakin dogon babu mai cewa komai, sannan Yaya ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a muka shafa.

Washegari da sassafe muka nufi Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa, inda malamin dajin ya ce mu same shi. Nan muka yi rajista. Aka buɗe wani babban littafi kowa ya rubuta sunansa da garinsu, aka duba katunanmu, muka biya kuɗin shiga aka ba mu rasit. Duka abin bai wuce rabin awa ba, saboda takardarmu ta riga mu isa. Ni yashi na zo gani, ban sa tsuntsaye a lissafi ba, amma malamin ya ce ba a zuwa nan a wuce ruwa. Ya kai mu bakin fadama ya ba ni madubin hangen nesa. Kirinjijiya ce garke-garke, ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga wasu ƙananan agwagi da ya ce daga Turai suke tasowa, su ƙetare Sahara gaba ɗayanta don gudun sanyin can, su yi hunturu a nan su koma. Saboda su ne Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Ruwan kuwa na kogin Haɗejiya da na Jama'are ne. Ya nuna mana ciyawar kacalla da ta cushe hanyoyin ruwa, ya ce tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta sauya, masunta da manoma suna ji a jikinsu. Ɗan Yaya ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, ashe ruwan da ake tarewa a Kano nan ake jin zafinsa." Na ce masa ya rubuta wannan a littafinsa.

Kallon tsuntsaye ya ja mu har hantsi ya dubi ludayi, kuma nan muka yi kuskuren da ya ci mana yini guda. Kafin mu ratsa Gashuwa mu isa Yusufari azahar ta gota. Ɗan rakiyar da aka haɗa mu da shi, ɗaya daga cikin masu gadin daji, ya fara kai mu wajen jami'an tsaron garin. Muka zauna kusan awa ɗaya kafin babbansu ya dawo daga masallaci, ya karɓi kwafi, ya rubuta lambar wayar Yaya, ya ce da sharaɗin mu fito daga daji kafin magariba. Daga nan sai fadar hakimi, inda muka tuɓe takalma muka kwashi gaisuwa, aka yi mana maraba aka ce za a aika wa bulaman ƙauyen da za mu sauka. Sai maganar mota. Yaya ya so mu shiga da Corolla ɗinsa, ɗan rakiya ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ko kilomita biyu ba za ta yi ba." Aka kira wani direba mai tsohuwar Land Cruiser mai ja da ƙafa huɗu. Ya yanka naira 120,000, aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a 90,000, mai a wuyansa, yini guda. Ya ce amma yau kam an makara, wanda zai shiga yashi da safe yake shiga, lokacin da sanyin dare bai sake shi ba, in rana ta buɗe sai ya yi laushi ya riƙa cin taya. Ya kuma ce tsabar kuɗi yake so, ba ya karɓar tiransifa. Dole muka koma Gashuwa muka kwana, muka nemi mai POS muka ciri kuɗi.

Ƙarfe shida da rabi na safe muna Yusufari. Inda kwalta ta ƙare direban ya tsaya, ya zaga tayoyin huɗu yana danna bakinsu da tsinken ashana, iska tana fita, har suka ɗan baje a ƙasa. Ya ce faffaɗar taya kamar tafin raƙumi take, ba ta nutsewa. Daga nan babu wani abu da ni zan kira hanya, sai sawun motoci da ke rarrabuwa suna haɗuwa, amma shi ya san kowace aduwa da kowace tumfafiya. Duk da haka sau ɗaya muka kafe a gindin wani tudu. Muka fito, aka ciro shebur, aka yashe gaban tayoyin, aka shimfiɗa kaba da wata tsohuwar tabarma, mu huɗu da ɗan rakiya muka tura. Minti arba'in muka yi a nan. Ƙarangiya ta cika mana ƙafar wando da safa, tana suka kamar allura, kuma duk wanda ya sa yatsa zai cire sai ta koma yatsan. Ɗan rakiya ya nuna mana yadda ake kakkaɓe ta da bakin wuƙa.

Da muka haye tudun, sai ga abin da ya kawo mu. Mutanen wurin da kalma biyu suke raba ƙasarsu, tudu da kwari. Tudun yashi ne zalla, ja-ja-ja da hasken safiya, iska ta yi masa zane kamar an bi shi da mataji. A ƙasansa kuma, cikin wani wawakeken rami, sai ga kore shar: goruba da dabino a cunkushe, lambunan tumatir da albasa da rogo, a tsakiya ruwa kwance yana ƙyalli, gefensa fari fat kamar an barbaɗa gari. Shekara 14 ina faɗa wa yara yadda hakan ke faruwa, cewa ɗan ruwan da ake samu a damina, wanda bai kai rabin namu na Kaduna ba, yashi ne ke shanye shi nan take ya ɓoye shi daga rana, ya taru a ƙarƙashi, sai ya ɓullo a inda ƙasa ta yi kwari. Amma sai da na ga wani yaro ya sa guga a rijiyar da zurfinta bai fi tsayina ba, ya jawo ruwa mai sanyi, alhali tudun yashi mai tsayin bene yana tsaye a kansa, sannan na ji abin ya shiga jikina. Farin nan na bakin ruwa kuwa kanwa ce. Rana tana ƙone ruwan, ita kuma ta rage a ƙasa, mata da maza suna kankarewa suna tarawa tsibi-tsibi, a ɗura a buhu a kai kasuwa. Kanwar da ake jefawa a ɗanwake da kunu, wadda makiyaya ke ba shanu, daga irin waɗannan wurare take fitowa.

Na bar su a ƙasa na sake hawa tudun ni kaɗai, takalmi a hannu. Hawan yana da wuya, taku biyu gaba, ɗaya ya zame baya. A can sama na zauna. Saman yashin ya fara ɗumi, amma da na cusa hannu zuwa wuyan hannu sai na ji shi da sanyi kamar randa. Ga sawun buzuzu siriri kamar ɗinkin keke, ga na ƙadangare ya ja wutsiya ya ratsa shi. Babu hon, babu janareta, babu ƙarar Keke Napep. Abin da kunnena ke ji kawai shi ne wani siririn sauti, ƙwayoyin yashi suna gangarawa daga bakin tudun idan iska ta taɓa shi. Mutumin da ya tashi a Tudun Wada bai san akwai irin wannan shirun ba. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Da muka zauna cin abinci a inuwar goruba na tambayi ɗan rakiya su wa suka fi zuwa. Ya ce ɗaliban jami'a da malamansu, masu nazarin ƙasa da tsirrai da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai masu hoto da bidiyo, musamman tun da hotunan Tulo-Tulowa, wanda shi ma a Yusufarin yake, suka fara yawo a Facebook mutane suna musu cewa wai ba Najeriya ba ce. Sai iyalai daga Gashuwa da Nguru da Damaturu lokacin hutun Sallah. Ya ce akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar hoto ko ɗaya, su hau tudu su zauna su sauko su yi godiya su tafi. A nawa ganin, yashi kaɗai ba zai sa mutum ya yi tafiyar awa tara ba. Abin da ke kama zuciya shi ne ganin ruwa da lambu da mutane suna rayuwarsu a tsakiyarsa, kuma wannan ne abokin aikina bai samu a Dubai ba, duk da kuɗin da ya kashe.

Bulaman ƙauyen dattijo ne Bamange, Hausarsa tana da gardin Barebari. Muka ce masa "wushe" kamar yadda aka koya mana, ya yi murmushi ya amsa, aka kawo mana dabino a faifai. Abokina yana ta yaba kyan tudun da ke bayan gari. Dattijon ya saurare shi har ya gama, sannan ya miƙe ya ce mu biyo shi. Ya kai mu gefen kwarin ta gabas, ya nuna mana dabinai uku da yashi ya binne har wuya, kawunansu kaɗai ke waje. Ya ce, "'Ya'yana, ku kallo kuka zo yi, mu da shi muke kwana. Nan da kuke tsaye gonar mahaifina ce." Ya ce da can ciyawa ce ta lulluɓe tuddan ta riƙe su, sai farin 1973 da na 1984 suka zo, ga yawan kiwo, ga saran itace, yashin ya kwance ya fara tafiya. Ya nuna mana shingayen kaba da suka kakkafa a jikin tudun don rage masa gudu, da 'yan itatuwan da aka dasa a bayansu, wasu sun kama wasu sun bushe. Na san shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, na san jihohi 11 ne a cikinsa a Najeriya, har da Yobe, Kaduna ba ta ciki. Ina koyar da shi ma. Amma ban taɓa tsayawa a kan gonar da aka rasa ba sai ranar. Kafin mu tafi ya roƙi abu ɗaya, ya ce hoton dabinan nan a wanke a aiko masa, yana so ya riƙa nuna wa manya idan sun zo. Muka sallaci la'asar a kan yashi, muka sayi kanwa da tabarmi biyu da goruba, muka fito da sauran rana kamar yadda aka yi alkawari. Washegari muka kamo hanyar gida, muka shigo Kaduna bayan isha'i. Kwana huɗu, abin da ya fita daga asusun ya kai naira 540,000, mafi yawansa a mai da hayar mota.

To ga mai niyya, da zan sake wannan tafiyar, ba zan taka ofishin kowane ɗan tikiti ba. Takarda zan rubuta kai tsaye zuwa ga hukumar gandun, aƙalla wata guda kafin ranar, in nemi wanda ya san ma'aikatan ɓangaren Yobe ya haɗa ni da su, in tambayi kuɗin shiga na lokacin da na kyamara tun a waya. Kwafin takarda da na katin ɗan ƙasa a yi su da yawa. Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da zafi ya sauka kuma tsuntsayen suna nan, sai dai hazo yakan rufe gari wasu ranakun, mai son hoto ya sa wannan a ransa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin ba na baƙo ba ne. A ware wa Dagona yininta, a ware wa yashi nasa, a isa Yusufari da wuri a gama gaishe-gaishe da cinikin mota ana gobe za a shiga. A riƙe tsabar kuɗi, a cika jarka biyu da ruwan sha, a sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya, a sanar da gida cewa sabis zai ɗauke na wasu awoyi don kada hankalinsu ya tashi.

Maganar tsaro kuma ba a yin ta da ƙarfin hali. A kira ana gobe za a tashi, in aka ce a dakata, a dakata. Kada a shiga ba ɗan rakiya, da ɗan gari akan ci gari, kuma iyakar Nijar tana kusa, mutum zai iya ƙetarawa bai sani ba. A fara da gaida bulama kafin a ciro kyamara, kada a ɗauki mace hoto ba izini. Ledar ruwa da robar lemo a dawo da su cikin mota, na ga wasu a bakin kwarin nan da baƙin da suka riga mu suka zubar, abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don a ruwan nan mutane da dabbobinsu ke sha. A kuma sayi wani abu a hannun mutanen wurin ba tare da matsa musu a ciniki ba, tabarmar kaba ɗaya kwanaki mace take yi tana saƙa ta.

Sati biyu da dawowarmu abokina ya wanke hoton dabinan nan uku, babba, aka sa masa gilashi. Na naɗe shi da kwali na kai tashar Kawo na ba wani direban Kano, shi kuma ya miƙa wa na Gashuwa, ɗan rakiyarmu ya karɓa a can. Bayan kwana tara ya kira ni ya ce saƙo ya isa hannun Baba Bulama, ya rataye shi a zaurensa. Kwafi na biyu na hoton yana bangon ajinmu, kusa da taswira, da kwalbar yashi da dunƙulen kanwa a kan taga. Shugaban makaranta ya ce in kawo masa lissafin kai 'yan aji shida goma a hunturu mai zuwa, kuma takardar neman izinin tana kan teburina, saura hatimi.